Littafin Awo

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar taki, yaya maigidan da yara? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin ji bututun ruwan bene ya fashe, silin ya rufto kan shagona. Kekunan ɗinki uku sun sha ruwa, yadudduka sun yi baƙi. Littafin awo kaɗai ya tsira, don yana jakata. Inshorar nan da kika ce asarar kuɗi ce, yau ita ke riƙe da ni. Za su riƙa ba ni abin da shago ke kawowa duk wata, da haya, da albashin masu ɗinkina biyu, har a gama gyara. Sai ki janye maganarki.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fata jiki ya yi ƙwari.

Wata na huɗu ke nan. Mai gidan haya ya ce ba zai taɓa silin ba sai tasa inshorar ta biya shi, su kuma sun ce sai an gano mai laifin bututu. Na yi niyyar kama wani shago, jami'in inshora ya nuna mini inda na sa hannu: wannan ɗakin aka rubuta, in na tashi biya ya tsaya, hayar nan kuma tana wuyana har shekara. Ga wautata: da aka ce in zaɓi wata shida ko goma sha biyu, na ɗauki shida don ya fi araha. A ganina, wane gyara ne zai wuce wata shida?

Kullum da safe nakan je in buɗe ƙofa, in sha warin danshi, in rufe. Masu ɗinkina suna zuwa karɓar albashi kai a ƙasa, kamar masu karɓar sadaka. Wallahi Yaya na gaji da zama, hannuna har ƙaiƙayin almakashi yake yi.

Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa, kada ki gaya wa Mama abin da zan faɗa.

Kin tuna shugabar makarantar nan da nake wa ɗinki shekara tara? Ranar Talata ta same ni a ƙofar shago. Ta jajanta, ta yi ta kewaye-kewaye, can ta roƙi awonta za ta kai wa wani tela kafin in dawo. Ban ga laifinta ba, mutum ba zai jira ni tsirara ba. Na yage shafinta na miƙa mata, har da murmushi. Da ta tafi na shiga ciki na yi kuka a kan keken da ya yi tsatsa. Ita ce ta goma sha ɗaya da ta karɓi shafinta.

Saura wata guda biyan ya ƙare, silin yana nan yadda yake. Kuɗin wannan wata sun shigo jiya cif, ba a rage ko sisi ba. Littafin awon ne ke ta ramewa, kuma shi babu wanda ya yi masa inshora.

Ki sa ni a addu'a.

Taki har kullum,
Auta