Teburin da Ba a Cewa Bismillah

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ni lafiya lau, sai aiki.

Jiya uwar ɗakina ta tara baƙi a lambu. Na jera lemo, ƙanƙara da kofuna kan tebur a inuwa. Zan tsiyaya wa wani dattijo ke nan ta riƙe hannuna, wai nan kowa da kansa yake zubawa. Inna, baƙo fa! To ta yaya suke gane ana maraba da su?

Ni kam har aka watse ban sha ba, don ba wanda ya ce min bismillah. Kada ki damu, na sha a kicin.

Allah ya kaimu ranar dawowata. Ruwa kawai nake so, amma daga hannunki.

Taki,
Auta