Hatimi Mai Gida Tara

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba,

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ka koya mana, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

'Yarka ce Hadiza. Na rubuto ne a kan akwatin takardunka. Yaya Sani ya yanke cewa ranar Asabar za a ƙona su, wai hatimi da hisabi shirka ne. Da farko ban ce uffan ba.

Ka san dalili. Ina sakandare, in aka tambayi sana'arka sai in ce kana sayar da yadi a kasuwar Kafanchan, in ja bakina. Ban taɓa faɗin cewa bayan la'asar kakan zauna a rumfa kana zana hatimi ba, don kada a kira ni 'yar malamin tsibbu.

Na tuna hatiminka mai gida tara ɗin nan, wanda ko ta ina aka haɗa lambobinsa sha biyar ake samu. Kakan ce, "Lamba ba ta ƙarya, Hadiza. Wanda ya jera taurari shi ya jera ta." Ni kuwa sai in taɓe baki.

Makon jiya Malam Bitrus, abokin aikina mai koyar da falsafa a jami'a, ya nuna mini hoton wani shafi daga wani tsohon littafin Turawa. Baba, hatiminka ne sak! Ya ce akwai tsohuwar hikimar Masar da Girka mai cewa sama da ƙasa a ɗaure suke da juna. Malaman Larabawa suka fassara ta, suka haɗa da hatimi, ta tsallaka Turai ta Andalus, masu neman asirin halitta a can suka rungume ta. Har tauraron Zuhal suka jingina wa gida taranka.

Wallahi kaina ya fasu. Abin da ake yi wa digiri, kai da alƙalamin kara ka riƙe shi, ga almakashin yadi a gefe.

Halas ne ko haram, na bar wa malamai. Amma jiya na je gida na ɗauko akwatin. Yaya ya tare ƙofa, na gaya masa ni ma kai ka haife ni, kuma ba a rabon gado da ashana. Har yanzu ba ya amsa gaisuwata. Zai huce.

Ka yafe mini shirun da na yi, Babana. Allah Ya gafarta maka abin da ka kuskure, Ya haskaka kabarinka.

Taka har kullum,
Hadiza, 'yar Malam Garba mai hatimi.