Tusar Hamani Ba Ta Hamani Ba Ce

Zuwa ga abokina Hamani,

Bayan gaisuwa, da fatan Allah ya haskaka makwancinka. Ka san ban iya alƙalami ba. Ni ke faɗa ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mani ko kalma guda.

Shekarar da gulbi ya cinye shinkafar Garu, ku biyar kuka raka ni neman auren Rabi. Da safe mun ci wake a hanya, ka hana ni ƙari, na ƙi ji. Muna durƙushe gaban babanta, an ɗaga hannu za a yi fatiha, sai ta kuɓuce mani. Ba 'yar ƙarama ba. Har akuyar da ke ɗaure ta waiga.

Kafin in ɗaga kai ka ce, "Baba, a gafarce ni, cikina ne." Ka ɗauki takalminka ka fita. Aka ba ni Rabi, kai kuwa shekara uku ba ka taka unguwar ba.

'Yan albasa, abokan sana'armu da suka raka ni, sun san ba taka ba ce, don kana bakin ƙofa, ƙarar kuwa daga gaba ta fito. Amma har ka koma ga Allah ba ka faɗi mai ita ba. Shi ya sa in mutum ya ɗauki kunyar ɗan'uwansa muke cewa ya yi tusar Hamani. Yabo ne, kuma ba kowa ake yi wa ba.

To, ka ji yadda magana ke tsufa. Yaran yanzu suna cewa tusa ta ƙare wa bodari, ba su taɓa ganin bodari ba. Suna cewa tusa ba ta hura wuta, alhali gas suke kunnawa. Waɗannan ban damu ba. Amma taka, 'yan kabu-kabu sun ɗauke ta: in babur ya yi fat-fat ya mutu, wai tusar Hamani. Duk abin da ke da ƙara babu amfani, kai ne.

Jiya a bakin gada aka tambayi jikanka Isuhu, da gemunsa da babur ɗinsa, ko shi ne jikan mai tusar. Ya ce a'a, wani Hamanin ne daban. A gabana, Hamani!

Na dawo gida na faɗa wa Rabi gaskiya. Ko daina tsintar shinkafa ba ta yi ba. Ta ce, "Shekara hamsin muna ɗaki guda, kana zaton ban gane muryarta ba?"

Allah ya gafarta maka, ya rufa maka asiri can yadda ka rufa mani nan.

Gobe da safe, in Allah ya kai mu, zan sa babbar rigata in tafi bakin gada lokacin da 'yan kabu-kabu suka fi cika. Zan riƙe hannun Isuhu in gaya masu tusar wa ce. In sun ga dama su liƙa mani sunan, ni ina da rai, zan iya ɗauka.

Naka har kullum,
Mamman mai albasa, Malanbil