Yadda Data Ta Haɗa Ni da Kawu Ɗanbaba

Bunkure, Jihar Kano.

Zuwa ga ƙanena Fatihu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya a can Doha, kai da abokan aikinka. Allah Ya tsare ka a kan titunan mutane, Ya sa wa tuƙin albarka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Iya ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba, ka san kuwa wannan ita ce shaidar lafiyarta. Shinkafar rani ta fara fitar da kai, an sako ruwa a kanal, sai dai taki da man inji sun tatse gidan tas.

Na zaɓi in rubuto maka ne don maganar ta fi ƙarfin waya. Kwamfutar da ka aiko wa ƙanwarmu Halimatu Sa'adiyya ta iso, mun gode, Allah Ya saka da alheri. Amma ka ji abin da ya faru da gwajin farko na koyar da 'ya'yan Hajiyar nan ta wajenku karatun Alƙur'ani ta intanet. Ranar da aka buɗe kwali, Iya ta ce ba a shigo da sabon abu gida a ɓoye shi, dole a kai a sa albarka. Aka jona kwamfutar da datar wayar Halimatu, aka yi ta yawo da ita a kunne ɗaki-ɗaki, har gidan maƙwabta. Ashe ita kuwa tana can tana sabunta kanta, tana zuƙar data ba wanda ya sani. Duk wanda ya sa albarka kuma sai ya ce a ɗan jona masa tasa wayar. Wa zai hana? Washegari ana tsakiyar Fatiha hoton yaran ya daskare, komai ya ɗauke. Halimatu ta wuni tana kuka. Hajiya ta aiko cewa ta ba da dama guda ranar Asabar, in ya sake yankewa za ta nemi wata malamar.

Na ɗauki kwamfutar da wayar na kai wa Sagiru mai gyaran waya a Kura. Ya ce sabuwar kwamfuta haka take, gona ce da aka buɗe wa duk ƙofofin ruwa lokaci guda. Ya saita ta ta san cewa datar a ƙayyade take, ya dakatar da sabuntawar, ya hana ta tura hotuna ajiya a intanet, ya kashe manhajojin da ke aiki a ɓoye, ya rage kyan bidiyon. Sannan ya canja lambar sirrin da ake jona datar wayar da ita, ya ja mini kunne cewa datar da muka iya saya za ta kai darasin, amma fa in kwamfutar ce kaɗai ke sha. Da na dawo na sanar a gida, Iya ta ce a rayuwarta ba ta taɓa ganin gidan da ake hana maƙwabci ɗiban wuta ba. Ni dai ban ba kowa lambar ba.

Ranar Asabar da la'asar aka fara. Halimatu tana ɗaki, ni ina riƙe da wayar a bakin taga inda sabis ya fi ƙarfi. Babban yaron ya biya tasa sura lafiya. Ƙaramin yana farawa sai ga saƙo wai data ta kusa ƙarewa. Na duba, na ga bayan kwamfutar akwai wata waya a jone. Na kalli Halimatu, ta sunkuyar da kai tana ci gaba da gyara wa yaro baƙi, nan take na gane. Ashe da safe Kawu Ɗanbaba ya tare ta ido da ido ya nemi lambar, ita kuwa ina ta ga bakin ce wa ƙanen mahaifiya a'a. Ban san yadda ake cire mutum daga wayar ba, Sagiru bai nuna mini wannan ba.

Fatihu, na ajiye wayar na fita zaure ko mayafi babu. Kawu yana kan tabarma da baƙinsa, dillalan tumatir daga Garun Malam, suna kallon bidiyo suna dariya. Ban durƙusa ba, ban gaishe su ba. Na ce masa ya kashe wayarsa yanzu-yanzu. A gaban baƙi na faɗa, da ƙarfi kuma. Ya kalle ni, sannan ya kashe, ya sa takalmansa ya fita. Na koma ɗaki, na tarar da Halimatu ta rufe kyamara tana ƙarasawa da murya kaɗai. Yaron ya kai ƙarshen surarsa, suka yi addu'a. Hajiya ta ce a fara ranar Litinin.

Tun ranar Kawu bai amsa gaisuwata ba. Na je har gona na durƙusa a bakin kwamin shukar da yake ba ruwa, ya ci gaba da juya ruwansa kamar ba kowa. Iya ta ce na zubar wa gida mutunci, kuma na san da gaskiyarta, abin yana cin raina. Don Allah ka kira shi ka ba shi haƙuri a madadina, yana jin maganarka. Sai dai kada ka ce masa na yi nadama, don ba na so ka yi ƙarya saboda ni.

Iya tana sa maka albarka. Maharazu da Nafisat da su Mubina duk suna gaishe ka. Malama Halimatu ma tana gaisuwa, haka yaran Hajiya suke kiranta yanzu. Ka huta lafiya, wassalam.

Yayarka,
Aziza