An Taɓa Ƙwaƙwalwar Motar Auta

Malam, ka taimake ni da shawara, don abin ya fi ƙarfin tunanina. Ni tsohon ma'aikacin asibiti ne, na yi ritaya. Da aka biya ni haƙƙina sai na sayi sabuwar mota a wajen dila, da garantinta, na miƙa wa autana makulli ya riƙa ɗaukar fasinja, tunda ya gama karatu aiki ya ƙi samuwa. Takardun duk da sunana suke.

Auta ba mai surutu ba ne. Da ita yake ciyar da matarsa da jaririyarsu, kuma shi ke kai mahaifiyarsa asibiti ganin likitan ƙafa. A hanyar asibitin akwai wani hawa mai tsawo, motar kuwa in ta ɗauki mutum huɗu sai ta riƙa nishi. Ni kuma bakina ba ya shiru. Duk sanda muka zo wurin sai na tsokane shi, in ce ko in sauka in tura, ko in ce amalanke ma ta fi wannan zuciya. Mahaifiyarsa ta yi dariya, shi ya yi murmushi kawai.

Ashe abin yana cinsa. Wani abokinsa ya kai shi wajen mai gyaran wayarin, aka jona kwamfuta aka sake saitin ƙwaƙwalwar injin don a ƙara masa ƙarfi. Ban sani ba. Na dai ga mota ta fara cinye hawan nan kamar an koro ta, har na yaba, na ce ashe ta gama koyon tafiya.

Yanzu tana fitar da hayaƙi mai shuɗi, tana wani fito in an taka totur, fitilar inji ta kama ta ƙi mutuwa. Bakanike ya ce tobo ce ta tafi, wato na'urar da ke cusa wa inji iska, wataƙila har ta taɓa injin. Da na ce a kai wa dila tunda garanti bai ƙare ba, sai Auta ya sunkuyar da kai ya faɗa mini abin da aka yi. Na yi faɗa, na faɗi maganganun da bai kamata ba, a gaban matarsa.

Ga inda na maƙale. Mai kwamfutar ya ce zai mayar da saitin yadda kamfani ya yi shi, ni kuma in je in ce ba a taɓa komai ba. Mahaifiyarsa ta ce ai ba ƙarya ba ce tunda an mayar, kuma kamfani ba zai talauce ba. Ni kuwa na tsufa ban saba kallon idon mutum in faɗi abin da ba haka ba. Amma in garantin ya faɗi, ba mu da ƙarfin wannan gyara, yaron zai koma zaman gida. Mota na nan a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol. Auta yana zuwa gaisuwa da safe, ya durƙusa daga bakin ƙofa, ba ya shigowa. Me zan yi?

Uban Auta

Baba Uban Auta,

Na karanta wasiƙarka sau biyu. A karo na biyun ne na lura cewa ƙwaƙwalwa biyu aka taɓa a gidanka: ta motar da kwamfuta, ta yaron da baki. Wanda ya yi ta biyun bai karɓi ko sisi ba, kuma aikinsa ya fi kama jiki.

Bari mu fara da ƙarfe, shi ya fi sauƙi. Shawarar mai kwamfuta ba ta da kyau ko da mun ajiye zancen gaskiya gefe. Yawancin motocin yanzu ƙwaƙwalwarsu tana riƙe alamar cewa an sake rubuta ta, ko an mayar da tsohon saiti, kuma na'urar dila tana iya ganowa, musamman in gyaran babba ne. Ka kwatanta kanka tsaye gaban manajan sashen gyaransu, da furfurarka, ka gama rantsuwa, shi kuma ya juyo maka da allon kwamfuta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wannan kuwa har da fitila a ciki. Hajiya mahaifiyar Auta ta yi gaskiya cewa kamfani ba zai talauce ba, amma ba ita za ta tsaya a wurin ba, kai ne.

Ba zan yaudare ka ba: in ƙarin ƙarfin ne ya kashe tobo, da wuya su ɗauki gyaran. Injin da aka sa ya yi abin da ba a ƙera shi dominsa ba, to ya fita daga alƙawarinsu. Sai dai faɗin gaskiya ba ya nufin ka sallama komai. Ka karanta takardar garantin da kyau, domin sau da yawa abin da ke faɗuwa shi ne ɓangaren inji da giya, sauran kamar na'urar sanyi da gilasai suna nan. Ka nemi su rubuta maka musabbabin lalacewar, ka kai wa wani bakanike mai zaman kansa ya duba. Ka roƙi rangwame a fili. Dila yakan sassauta wa wanda bai ɓoye masa ba, ko da ba dole ba ne. Mai kwamfutar ma a koma masa, a tambaye shi me ya ɗauka a wuyansa ranar da ya yi aikin. In kuna da inshora, su ma a sanar da su. In duk ta ƙi, tobo mai kyau ta hannu a garejin kirki ba ta kai kuɗin ta dila ba.

Sai yaron. Ya yi kuskure, ya taɓa abin da ba da sunansa yake ba, bai yi shawara ba, kuma ya kamata ya ji nauyin hakan. Amma ba tsere ya je yi ba. So yake ya hau da mahaifinsa wannan hawa sau ɗaya ba a yi masa dariya ba. Garin neman ƙiba ya samo rama, kai kuma har ka yaba ƙibar.

Gobe in ya durƙusa a bakin ƙofa, ka ce ya shigo. Tunda a gaban matarsa ka yi faɗan, a gabanta za ka sauke shi. Sannan ku tafi wajen dila tare, shi ya yi bayani da bakinsa, kai ka tsaya kusa da shi. In Allah ya sa motar ta tashi da saitinta na asali, za ta koma nishi a hawan asibiti. Ranar ka zauna a gaba, Baba, ka kama bakinka har ku kai sama.

Allah ya ba Hajiya lafiya, ya raya jaririya, ya buɗa wa Auta.