Uban Leïla Ba Zai Tafi Ba

Stains, kusa da Paris
Watan Oktoba, 2011

Zuwa ga yayana Alhaji Salifou, unguwar Birni, Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙane ga wansa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya ƙafar da ta matsa maka bara? Allah ya sa kaffara ce, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa. Mai ɗakina Hajiya tana gaishe ka. Ciwon bayanta ya gudu tun ranar da aka ce mata ta yi jika, har ta manta sandarta a cikin jirgin ƙasa ba ta lura ba sai da muka sauka Lyon.

Yaya, na ga jikata da idona, na ɗauke ta da hannuna. An yi suna a gidan iyayenta na Bron, a gefen Lyon, ɗakin ya cika har matakala, ɗaliban Nijar da 'yan kasuwar Cadi kowa da tabarmarsa. Labarin ragon da ka yanka a can ya iso mu, Allah ya saka da alheri. An sa mata sunan Innarmu, Fatsima, to da yake ba mai iya kiran sunan a cikinmu, Leïla ake ce mata. Ni da ita duk ba mu da haƙora, kan namu kuma duk fayau, na ce mata ta yi haƙuri mu riƙa shan kunu tare. Ta kama mini gemu ta ƙi saki. Mardiya, uwarta, ta ce tun da aka haife ta ba ta yi wa kowa haka ba. Ko ta faɗa ne don ta faranta mini, na karɓa.

Ka san da waya nake kiranka kullum, za ka yi mamakin ganin takarda. Dalili shi ne, in muna magana a waya kai ne babba, ni kuwa ba abin da ke fita bakina sai "to" da "haka ne". Takarda ba ta katse mutum. Madam Suzanne, wadda ta koya mana baƙaƙe a makarantar dare bayan gemuna ya yi fari, ta sha gaya mana cewa wata rana za mu ga amfanin wahalar. Yau na gani.

Maganar ɗanka ce, ɗan farina, wanda ka rena a gidanka. Kamfanin wayar salula da yake wa aikin injiniya yana mutuwa, ban ɓoye maka ba. Tun farko kamfanoni biyu ne suka haɗa hannu suka kafa shi, ɗaya na nan Faransa, ɗaya na can ƙasashen Asiya. A shekarun farko wayarsu ce a aljihun kowa. Kai ma ka tuna wadda ya aiko maka, da ta faɗa cikin randa ta fito tana ƙara. Sai aka fito da wayoyin gilashi da ake shafawa da yatsa. Na ji yaron ranar suna yana yi wa baƙi bayani, ni ina gefe kamar ba na saurare. Ya ce su ma sun zana tasu tun da wuri, amma kowace shawara sai ta je wurin shugabannin nan, ta tafi wurin shugabannin can, ta dawo an canza ta. Waɗannan suna son mai tsada, waɗancan suna son mai araha. Kafin su shirya, kasuwa ta wuce su.

Garga, mutumin Garwa da ke sayar da wayoyi a unguwar Porte de la Chapelle ta Paris, ya ce shi yanzu ko kyauta aka ba shi wayar kamfanin ba shi da wurin ajiye ta. Ya ga tawa mai maɓallai a hannuna, ya ce in kawo ya musanya mini kafin Leïla ta yi wayo ta ji kunyar kakanta. Mutane suka yi dariya. Na ce masa wayar nan da hannun jinina a cikinta, in ya gaji da sayar da gilashin da ke fashewa ya zo in ara masa ya kira gida. Ba zan canza ta ba, Yaya, ko da ni kaɗai na rage da ita a Faransa. Manyan kamfanin ne suka kasa jituwa, ba yaron ne ya kasa aiki ba.

Yanzu za su rufe ofishin Lyon. Sun ce masa ko dai ya koma masana'antarsu ta Asiya shekara uku shi kaɗai, ba mata ba 'ya, ko kuma ya ajiye aikin. Suna jiran amsarsa kafin ƙarshen watan gobe. Shi bai gaya mini ba, ka san tsakanina da shi. Mardiya ce ta faɗa wa Hajiya a kicin tana kuka, Hajiya ta faɗa mini a hanya. Ta kuma ce ya kira ka neman shawara, ka ce masa namiji aiki yake bi, ya tafi, ai ubansa ma haka ya yi. Yaron ba ya tsallake maganarka. Tun ranar ya fara neman takardun tafiya.

Gaskiya ka faɗa, haka na yi. Shi ya sa ni ne na san abin da ke cikinta. Kana tuna zuwana gida na farko, bayan na daɗe ina sharar titunan Paris ina kwana a gidan gwauraye? Na shigo zaure da akwatina, yaron ya ruga ya ɓuya bayan rigarka. Mata suka yi ta guɗa suna cewa kunyar ɗan fari ce, tun yana ƙarami ya san al'ada. Ni ma na yi dariya tare da su. Amma na ji abin da ya raɗa maka. Cewa ya yi, "Baba, baƙon nan yaushe zai tafi?" Wannan ba kunya ba ce. Bai san ni ba ne. Al'ada ta rufa mana asiri, muka shige cikinta mu biyu, har yau ba mu fito ba. Ban taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama ya ci abinci kwano ɗaya da ni ba. Ranar da za mu dawo daga Lyon bayan suna, ya riƙe mini jaka har bakin jirgi, na buɗe baki in ce masa kada ya tafi, sai na ji kaina ina tambayarsa ko za a yi ruwa.

Ni na tafi ne don a lokacin rumbunmu ba hatsi. Shi ba haka ba ne. Yana da ilimi a kansa, ba a cikin ginin kamfani ya ajiye shi ba. Abokin aikinsa Nicolas yana ta binsa su nemi aiki tare a Lyon, ya ce akwai masu neman irinsu. Mardiya ta kusa gama karatunta a jami'ar Bron. In ma abin ya yi tsanani, ɗakinmu na Stains yana da wuri, tukunyar Hajiya ba ta taɓa ƙin baƙo ba. Kamfanin da ke ba shi shekara uku, wa ya tabbatar shi kansa zai kai shekara uku? Sai yaron ya ba da rarrafen 'yarsa da tafiyarta ta farko, ya dawo ya tarar ba kamfanin, 'yar kuma tana tambayar yaushe baƙon zai tafi. Ban yarda ba. Ba a yi mini haka sau biyu.

Ban taɓa ja da maganarka ba, kai shaida ne. Wannan karon ina ja. Ka kira shi ka janye abin da ka faɗa, daga bakinka zai fi jin daɗin karɓa. In kuwa ka ga ba za ka iya ba, zan hau jirgi in koma Bron, in tsaya a tsakiyar ɗakinsa gaban matarsa da uwarsa, in kira shi da sunansa in ce ya zauna. A faɗa a Birni cewa Bukari ya daɗe a ƙasar Turawa ya zubar da kunya. Na ji, na ɗauka. Na fara gwadawa ma, in Hajiya ta fita kasuwa nakan faɗi sunan a hankali ni kaɗai, don kada harshena ya ba ni kunya ranar.

Ka gaishe mini da Hajiya Raliatou, da Fatou da 'ya'yanta, da Malam Youssouf limamin unguwa, ka roƙe shi ya sa Leïla a addu'a. Hotonta yana cikin ambulan, ka duba hancin, na Inna ne sak. Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ina sauraron ƙarar tsohuwar wayata.

Ni ne ƙanenka,
Bukari, kakan Leïla, mahaifin Ibrahim Khalil.