Hannun Safiya

Yaya Luba,

Bayan gaisuwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san babu mai kai miki wannan takarda. Ko yaran Illo da suka haddace duk wata ɓarauniyar hanya ta shiga Benin ba su san wannan hanyar ba. Na dai gaji da yi wa masu rai bayani ne, ke kuwa yanzu ba za ki katse ni ba.

Ga labarin gida. An yi wa ɗakinki sabon rufi. Mijinki ya daina ajiye jarkokin fetur a gida, ya mai da su shagon ƙanensa, inda 'ya'yan wasu ke wasa. A ganinsa ya ɗauki darasi ke nan. Shinkafar fadama ta yi kyau bana. Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa.

'Yarki Safiya tana wurina a Bagudo. Gobarar da ta yi ajalinki ba ta taɓa fuskarta ba. Hannun dama ne ya ƙone, wanda ta ja ƙofarki da shi. Likitoci sun ce in ba ana wanke ciwon ana miƙar da yatsun kullum ba, fatar za ta warke a tattare, hannun ya dunƙule har iya rayuwarta. Yarinya 'yar shekara tara. Da me za ta riƙe alƙalami? Da me za ta ci tuwo?

Wankin ne tashin hankali. Ana ba ta maganin kashe zafi, amma da ta ji ƙarar almakashi a faranti sai ta fara ihu, tun ba a taɓa ta ba. Mu uku muke danne ta. Bayan haka ba ta cin abinci, ba ta kallon kowa.

A asibitin da aka tura mu a Sakkwato ne wata likita ta ce mu gwada abin da suke kira hifnosis. Na yi dariya a zuci. Ni da nake koyar da kimiyya, a sinima kawai na san abin, mutum na lilo da agogo yana mai da wani bawansa. Babu agogo, Yaya. Zama ta yi daidai kan Safiya, tana magana a hankali, ta ce ta lumshe ido, ta bi numfashinta, ta zaɓi wurin da take son zuwa. Safiya ta zaɓi bakin kogin Kwara ranar kasuwa, hannunta cikin ruwan sanyi. Nas ta kwance bandeji. 'Yarki ta yi nishi, ta yi hawaye, amma babu wanda ya riƙe ta. Ba barci take ba, tana jin komai. Hankalinta ne ya tattaru wuri guda, zafin ya koma nesa.

Kin san ni, sai da na tsare likitar da tambayoyi. Ta ce abin ba ya maye gurbin magani, tare suke tafiya. Yana taimako wurin wankin ƙuna, da tsoron allura, da rashin barci, har da naƙuda, kuma ba kowa yake karɓa ba. Ba a yi wa mai taɓin hankali da ke jin muryoyi. Ba a rufe ciwon da ba a gano sanadinsa ba, don zafin na iya lafawa cutar ta ci gaba da cin mutum. Na tambaye ta ko zai sa Safiya ta manta da ranar. Ta ce a'a, wanda duk ya yi mini wannan alkawari in kama hannun yarinya mu bar wurin.

Hajiya, surukarki, ta samu labari. Da safe ta ce bori ne aka kai jikarta. Da yamma ta ce in dai sa barci ne, akwai wani mutum a ƙetaren iyaka da ya fi likitar, zama ɗaya zai goge wutar daga kan yarinya. Ba ta ga saɓani tsakanin maganganun biyu ba. Shawararta ita ce a mai da Safiya Illo, a shafa zuma da gashin zomo, a bar hannun ya huta, tun da miƙarwar ce ke sa ta kuka. Ba mugunta ba ce, tausayi ne, shi ya sa gardama da ita ke da wuya. Mijinki kuwa ƙasa yake kallo. 'Yarsu ce, in sun ce a kawo ta, da wane baki zan hana?

Sakkwato da nisa, don haka likitar ta koya mini in riƙa yi wa Safiya maganar da kaina, yayin da ma'aikacin jinya na nan ke wankin. A nan ne abin da ban taɓa faɗa miki ba ya taso. Na tsani kamar da muryoyinmu suka yi. Ko a waya, sai a kira ni da sunanki. Shekarun da na yi a jami'a, rabinsu gyaran baki nake, ina sauri, ina datse kalmomi, don kada in yi magana irin ta matar ɗan fetur ta Illo. To, wannan aikin ba ya son sauri. Sai na sassauta, na ja magana, na sauke murya. Abin da ke fitowa daga bakina ke ce, Yaya, babu ragi.

Ran nan, idonta a rufe, ana ɓare bandeji, sai ta kira ni Inna. Likitar ta riga ta gargaɗe ni kada in taɓa yaudararta a wannan hali, don da yarda abin ke aiki. In amsa, na yi wa marainiya ƙarya. In ƙi, ta dawo cikin zafin, almakashi na kan fatarta. Me za ki yi da ke ce? Ni dai na ci gaba da zancen ruwa.

Da aka gama na zaunar da ita, na fara dogon bayani irin na malamai, cewa Innarta ta rasu, ni ƙanwarta ce. Ta dube ni kamar ni ce yarinyar. Ta ce, “Na san ke ce, Anti. Ki dai bari sai an gama naɗewa.”

Haka muke yi yanzu. Ba ta sake kira ba, ni ma ban sake bayani ba. In na tashi daga gefen gadon nan, ji nake kamar na yini ina surfe.

Yatsu uku sun buɗe. Ƙaramin da na kusa da shi suna nan a lanƙwashe, suna bukatar lokacin da ban san ko za a ba mu ba. Hajiya ta aiko cewa ranar Juma'a za ta zo da mota ta ɗauki Safiya. Ni ba ta taɓa sauraro na ba, a wurinta ni 'yar boko ce. Ke kuwa ko sau ɗaya ba ta iya musa miki ba. Zan shimfiɗa mata tabarma, in sa Safiya ta buɗe hannun a gabanta, sannan in sauke murya in yi magana a hankali. Ki yafe mini aron.

Allah ya haskaka kabarinki.

Ƙanwarki,
Rabi